Tarihin Wayar Intanet da Rikicin Kodek da Ƙa'idojin Sadarwa

A tsakanin 1996 da wajejen 2012, duk wanda ya yi niyyar kiran waya ta kwamfuta ba tare da ya ɗaure kansa ga kamfani guda ba, sai ya fara da wani bincike mai cin rai, wato neman manhajar da za ta dace da layin da zai bi da kuma na'urar mutumin da zai kira. Tambayoyi biyu ne ke jiransa. Ta farko ita ce wace ƙa'idar sadarwa manhajar take bi, ma'ana tsarin saƙonnin da na'urori biyu ke musaya domin su gano inda juna suke, su sa ƙararrawa ta kaɗa, su buɗe hira, su kuma rufe ta idan an gama. Ta biyu kuwa ita ce wane kodek ke cikinta, wato dabarar lissafin da ke mayar da murya lambobi, ta matse su domin su yi sauƙin aikawa, sannan ta warware su a ɗaya gefen su koma sauti. Ƙa'idar tana matsayin sallama ne, kodek kuma yana matsayin harshen da za a yi zance da shi bayan an amsa, saboda haka ba baƙon abu ba ne a wancan zamani manhajoji biyu su gaisa lafiya lau, sannan kiran ya tsinke nan take domin babu harshen da suka yi tarayya a kansa. Wannan wahala tana da asali biyu da suka daɗe suna tafiya tare: ƙarancin abin da layi ke iya ɗauka a cikin sakan guda, wanda ya haifar da kodek barkatai da aka killace da haƙƙin mallaka, da kuma jayayyar da ke tsakanin injiniyoyin tarho da injiniyoyin intanet a kan wanda zai tsara makomar kiran waya.

Tushen al'amarin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1937 wani injiniya ɗan Birtaniya, Alec Reeves, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin ITT a birnin Paris, ya fito da dabarar auna ƙarfin sautin murya sau dubbai a cikin sakan tare da rubuta kowane awo a matsayin lamba, ta yadda abin da zai bi waya shi ne jerin lambobin da za a sake gina muryar da su, ba tare da hayaniyar hanya ta taru a kanta ba. Kayan lantarkin zamaninsa ba su kai ga yin wannan aiki cikin araha ba, sai bayan da aka samu transisto, sannan kamfanin Bell na Amurka ya fara amfani da dabarar a layukansa na T1 a 1962, inda layi ɗaya ke ɗaukar hira 24 a lokaci guda. A 1972 kwamitin tarho na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya tsayar da ma'aunin da aka sani da G.711, wanda ya ce a yi awo 8,000 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da bit takwas, bit kuwa shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko dai sifili ko ɗaya; jimillar ta kama kilobit 64 a sakan. Ko a kan wannan ma'auni na farko duniya ba ta yi baki ɗaya ba, domin Amurka ta Arewa da Japan sun ɗauki wani salon lissafi, Turai da sauran ƙasashe, har da na Afirka, suka ɗauki wani, shi ya sa har gobe jerin kodek na kowace manhajar waya yake nuna G.711 kashi biyu, PCMU da PCMA.

Awo 8,000 a sakan yana da iyakarsa, domin ba ya iya kama sautin da kaɗawarsa ta wuce 4,000 a sakan, kuma a aikace layin tarho yana barin abin da ke tsakanin 300 da 3,400 ne kawai ya wuce. Wannan ne dalilin da ya sa baƙaƙe masu huci irin su s da f da sh ke rikicewa a tsohuwar waya, har mai faɗin suna ya riƙa maimaitawa. Akwai abin lura a nan ga masu harsunan da karin sauti ke bambanta ma'ana a cikinsu, kamar Hausa da Yarabanci: asalin kaɗawar muryar namiji baligi yana ƙasa da 300, wato layin yana yanke shi ɗungurungum, amma duk da haka hawa da saukar murya ba sa ɓacewa, saboda kunne yana gano su daga ninkin wannan kaɗawa da ke can sama, waɗanda layin ya bari suka wuce.

Kilobit 64 ba wani abu ba ne ga kamfanin tarho da ke ware wa kowace hira layinta daga farko har ƙarshe, amma ya fi ƙarfin cibiyar kwamfutoci ta farko, domin manyan layukan ARPANET, cibiyar da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa a 1969, kilobit 50 kacal suke ɗauka. Mafitar ta zo ne daga wani tunani dabam da Fumitada Itakura da Shuzo Saito suka fara a Japan a 1966, Bishnu Atal da Manfred Schroeder kuma suka bi ta tasu hanyar a ɗakin binciken Bell. Maimakon a aika siffar sautin kanta, sai a aika bayanin yadda aka samar da shi: ko jijiyoyin maƙogwaro suna kaɗawa ko ba sa yi, da saurin kaɗawarsu, da yanayin da baki da harshe suke ciki a wannan ɗan lokaci, sannan na'urar da ke karɓa ta ƙera sauti makamancinsa daga wannan bayani. Ana kiran dabarar LPC. Muryar da take fitarwa ta fi kama da ta inji, amma ana gane abin da aka faɗa, kuma da ita aka yi hira ta kai-tsaye a kan ARPANET a watan Disamba na 1974, tsakanin kamfanin Culler-Harrison da ke Kalifoniya da ɗakin binciken Lincoln da ke Massachusetts, a kan kilobit 3.5 a sakan, ta hanyar ƙa'idar NVP da Danny Cohen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tsara.

Darasin da aka koya daga waɗannan gwaje-gwaje ya fi gwajin kansa tasiri. Cibiyar kwamfutoci ba ta ware wa kowa layi. Tana yanka bayanai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ya kama hanyarsa, wani ya riga wani isa, wani ya makara, wani kuma ya ɓace. Ga wasiƙa ko fayil, maganin ɓacewa shi ne a sake aikowa ko da za a yi jira, kuma a kan haka aka gina ƙa'idar TCP tun farko. Ga murya kuwa, ƙunshin da ya makara ba shi da maraba da wanda ya ɓace, domin lokacin furta kalmar da ke cikinsa ya riga ya wuce, tsayawa jiransa kuma yana ɓata duk abin da ke biye da shi. Daga baya ITU ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya haura milisakan 150, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, saboda daga nan masu hira ke fara katse wa juna magana ba da niyya ba. Cohen da abokan aikinsa sun dage a kan lallai a samar da hanyar aikawa wadda ba ta ɗauki alkawarin isarwa ba amma kuma ba ta tsayawa jira, kuma wannan dagewa tana cikin dalilan da suka sa aka raba TCP gida biyu a 1978, aka fitar da IP a matsayin ƙa'idar kai ƙunshi zalla, sannan Jon Postel ya wallafa UDP a 1980, wadda har yau a kanta mafi yawan kiran intanet ke tafiya. Ke nan tun kafin jama'a su san da wayar intanet, buƙatun murya sun riga sun shiga cikin ginin intanet ɗin kanta.

Shekarun 1980 da 1990 su ne zamanin yawaitar kodek. A 1985 Schroeder da Atal suka gabatar da CELP, wadda ta gyara muryar inji ta hanyar ajiye kundin samfuran sauti a ɓangarorin biyu, ta yadda mai aikawa zai zaɓi samfurin da ya fi kusa da muryar gaske ya aika lambarsa kawai. Masu bincike a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada suka sauƙaƙa lissafin har ƙananan na'urori suka iya ɗaukarsa, kuma daga wannan reshe aka samu G.729 mai kilobit 8, wanda ITU ta amince da shi a 1996, da G.723.1 mai kilobit 5.3 ko 6.3. Wayar salula ta GSM a Turai ta zo da nata mai kilobit 13, wanda Jutta Degener da Carsten Bormann na Jami'ar Fasaha ta Berlin suka rubuta masa manhaja kyauta a 1992, abin da ya sa ya zama ruwan dare a manhajojin masu sha'awa. Sai dai a lokacin mafi ingancin waɗannan dabaru duk suna ƙarƙashin haƙƙin mallakar ƙirƙira, wato izinin da hukuma ke ba mai ƙirƙira na ya hana wasu amfani da dabararsa na tsawon kimanin shekara 20 sai sun biya shi. ITU ba ta hana a sa dabara mai irin wannan haƙƙi a cikin ma'auninta ba, matuƙar mai ita ya yarda zai ba da lasisi bisa sharuɗɗan da suka dace ba tare da nuna bambanci ba. Ga kamfanin da ke ƙera akwatin waya yana sayarwa, wannan ƙaramin kuɗi ne da zai ɗora a kan farashi. Ga wanda ke rarraba manhaja kyauta ba tare da ya san adadin masu saukar da ita ba, katanga ce da ba ta hauruwa.

A jami'o'i kuma gwaji bai tsaya ba. A watan Maris na 1992 aka watsa sautin taron IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, daga San Diego zuwa wurare 20 a nahiyoyi uku, kuma daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka fitar da RTP a Janairun 1996, ƙarƙashin sunayen Henning Schulzrinne da Stephen Casner da Ron Frederick da Van Jacobson. Aikin RTP shi ne ta liƙa wa kowane ƙunshin murya lambar jeri da hatimin lokaci da alamar kodek ɗin da ke ciki, domin mai karɓa ya jera su daidai ya kuma san wanda ya ɓace. Ita ce abu guda da kusan dukkan ɓangarorin da suka yi jayayya daga baya suka yarda da shi. Tana da nauyinta, domin bayanan IP da UDP da RTP sun kai bait 40 a kan kowane ƙunshi, bait kuwa bit takwas ne, alhali muryar milisakan 20 da G.729 ya matse bait 20 ce kawai. Saboda haka kodek ɗin da ake tallatawa da kilobit 8 yana cin 24 a kan layi, G.711 kuma yana cin 80.

Jama'ar gari sun fara sanin wayar intanet ne a watan Fabrairun 1995, lokacin da kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fitar da manhajar InternetPhone, wadda ke aiki a kwamfutar gida ta modem, na'urar da ke bi da bayanai ta layin tarho. A farkonta mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, kuma dole ɓangarorin biyu su kasance da manhajar iri ɗaya, amma kiran ƙasar waje a kan kuɗin kiran cikin gari ya isa ya tayar da hankalin masu sayar da kiran nesa, har wata ƙungiyarsu mai suna ACTA ta kai ƙorafi ga hukumar sadarwar Amurka, FCC, a watan Maris na 1996, tana neman a hana sayar da irin wannan manhaja. Hukumar ba ta biya musu buƙata ba. Cikin ɗan lokaci manhajoji suka cika kasuwa, kowace da tsarinta, babu mai iya kiran wata.

Ƙoƙarin haɗa kansu ya zo daga gidaje biyu masu al'ada mabambanta. ITU ce ta fara fitowa da H.323 a ƙarshen 1996, ƙa'idar da ta gaji tsarin kiran layukan tarho na zamani, tana rubuta saƙonninta a dunƙule cikin lambobin da inji kaɗai ke karantawa, tana kuma fayyace kowane mataki dalla-dalla kamar yadda injiniyoyin tarho suka saba. Microsoft ta sa ta a manhajar NetMeeting da ke zuwa tare da Windows a lokacin, kamfanonin da ke jigilar kiran ƙasa da ƙasa kuma suka rungume ta. IETF ta zo da SIP, wadda Mark Handley da Henning Schulzrinne da Eve Schooler da Jonathan Rosenberg suka tsara, aka wallafa ta a 1999, aka sake fitar da ita da gyare-gyare a 2002. Ita SIP ta ɗauki salon shafukan yanar gizo ne: saƙonninta rubutu ne da mutum zai iya karantawa da idonsa, adireshinta ya yi kama da na imel, har lambobin amsarta ta aro daga can, shi ya sa 404 ke nufin ba a sami wanda ake nema ba a wurare biyun. Magoya bayanta sun yi ta kafa hujja da sauƙinta, ko da yake kundin 2002 ya haura shafi 250, ƙarin kundayen da suka biyo baya kuma suka yi yawan da da wuya a sami manhajoji biyu da suka aiwatar da su iri ɗaya. Abin da ya yanke hukunci a zahiri shi ne shawarar da ƙungiyar 3GPP mai tsara ma'aunin wayar salula ta yanke a shekarar 2000 ta ɗaukar SIP domin cibiyoyinta na gaba. Daga nan H.323 ta fara ja da baya, ta koma ɗakunan taron bidiyo.

SIP ba ta ɗaukar murya, kuma ba ta tilasta wani kodek. Abin da take yi shi ne ta ɗauki wata 'yar takardar bayani da ake kira SDP, inda mai kira ke jera kodek ɗin da yake da su bisa fifikonsa, kowane da lambarsa: 0 ga PCMU, 3 ga GSM, 8 ga PCMA, 18 ga G.729. Wanda aka kira ya duba jerin ya zaɓi wanda shi ma yake da shi, idan kuma babu, sai ya mayar da amsa mai lamba 488, kiran ya mutu. Akan sa wata na'ura a tsakiya ta warware muryar daga kodek ɗaya ta sake matse ta da wani, amma hakan yana cin ƙarfin kwamfuta, yana ƙara jinkiri, yana kuma rage ingancin sauti, domin kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa.

A nan ne mai neman manhaja ya sami kansa a tsaka mai wuya. Manhajojin da aka buɗe tushensu ga kowa sun yawaita a farkon ƙarnin nan: GnomeMeeting ta Damien Sandras a Beljiyam, wadda ta fara da H.323 sannan ta ƙara SIP ta koma Ekiga a 2006, Linphone ta Simon Morlat a Faransa tun 2001, Twinkle, da SIP Communicator ta Emil Ivov, wadda ta zama Jitsi a 2011. A gefen ofisoshi kuma akwai Asterisk, wadda Mark Spencer ya fara a 1999 a Huntsville ta jihar Alabama, ta mayar da kwamfuta gama-gari cibiyar haɗa layukan ofis. A wancan zamani kusan dukkansu suna zuwa da G.711 da GSM, amma ba sa zuwa da G.729, alhali kamfanoni da yawa masu sayar da kiran ƙasar waje cikin araha shi suka fi so, wayoyin tebur na ofis kuma da shi ake ƙera su. Kamfanin Digium mai kula da Asterisk a lokacin ya riƙa sayar da lasisin G.729 a kan dala 10 ga kowane kira guda da zai gudana a lokaci ɗaya, kamfanin da ke yin manhajar kira ta X-Lite kuma ya bar shi a cikin samfurin da ake saya ya cire shi daga na kyauta. Nauyin wannan tsari ya fi faɗawa kan wuraren da layi ya fi tsada. A Nijeriya da maƙwabtanta, a farkon shekarun 2000, shagunan intanet da ofisoshi da dama ta tauraron ɗan adam suke samun layi, wanda ke nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa, ta yadda hawa da saukar saƙo kaɗai ke cin kusan rubu'in sakan, layin kuma ƙanƙane ne da mutane da yawa ke rabawa. Bambancin kilobit 24 da 80 a irin wannan wuri shi ne bambancin kiran da ake ji da wanda ke tsinkewa. Waɗanda suka fi buƙatar kodek mai matsewa sosai su ne suka fi ƙarancin hanyar biyan lasisinsa.

Martanin masu buɗaɗɗiyar manhaja shi ne su ƙera nasu. Jean-Marc Valin, ɗan Kanada, ya fara Speex a 2002 ta hanyar kauce wa duk dabarar da ke da mai ita, kamfanin Global IP Sound kuma ya ba da iLBC kyauta, kodek ɗin da aka tsara kowane ƙunshinsa ya tsaya da ƙafarsa domin ɓacewar ɗaya kada ta lalata na bayansa, IETF ta wallafa shi a 2004. Dukansu sun yi aiki, amma masu ƙera wayoyin tebur ba su karɓe su da yawa ba, sai jerin abin da mai nema zai duba ya ƙara tsawo.

Ko an dace da ƙa'ida da kodek, akwai sauran rina a kaba. Adireshin IP na asali bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma da aka ga zai ƙare sai aka fito da dabarar NAT a tsakiyar shekarun 1990, inda kwamfutocin gida ko na ofis ke ɓuya a bayan adireshi guda na waje, kowace tana riƙe da adireshin cikin gida da ba a iya kaiwa gare shi daga waje. SIP da H.323 kuwa suna rubuta adireshin da za a aiko da murya a cikin saƙonsu, sai su rubuta na cikin gidan, sakamakon haka shi ne sanannen ciwon nan na kiran da ɓangare ɗaya ke ji ɗaya ba ya ji. John Walker, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Autodesk, ya daina kula da manhajarsa ta Speak Freely a farkon 2004, yana mai danganta hakan da yaɗuwar NAT, wadda a ganinsa ta rushe damar kwamfutoci biyu su yi magana kai-tsaye. IETF ta yi ta ɗinkin ɓaraka da STUN a 2003, sannan TURN da ICE a 2010, Spencer kuma ya tsara IAX wadda ke bi da saƙon kira da murya ta ƙofa ɗaya, amma kafin waɗannan su nuna, wani ya riga ya kwashe kasuwar.

Skype ta fito a watan Agustan 2003, daga hannun Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmark, tare da masu rubuta manhaja 'yan Estoniya da suka yi aikin manhajar Kazaa a baya. Ba ta bi SIP ba, ba ta bi H.323 ba, ba ta kuma bayyana wa kowa tsarinta ba. Tana ratsa NAT ta hanyar bi da kira ta kwamfutocin wasu masu amfani da ita da ke da buɗaɗɗen adireshi, idan an toshe ƙofofi kuma sai ta bi ta waɗanda shafukan yanar gizo ke bi, tana zaɓar kodek da kanta, sautinta kuma ya fi na tarho faɗi. Mai amfani da ita ba ya cike komai sai suna da kalmar sirri. Gaskiyar da masu kishin buɗaɗɗiyar ƙa'ida suka daɗe ba su so amincewa da ita ba ita ce, yawancin mutane ba 'yancin zaɓen kodek suke nema ba, so suke su ji muryar ɗan'uwansu. Kamfanin eBay ya sayi Skype a 2005 a kan kimanin dala biliyan 2.6, Microsoft ta saye ta a 2011 a kan biliyan 8.5, ta kuma rufe ta a watan Mayun 2025.

Abin mamaki shi ne daga cikin wannan rufaffen gida rabin maganin rikicin kodek ya fito. Skype ta miƙa kodek ɗinta na SILK ga IETF, aka haɗa shi da CELT da Valin da abokan aikinsa na gidauniyar Xiph suka ƙera domin kiɗa da sauti marar jinkiri, aka sami Opus, wanda aka wallafa a watan Satumba na 2012 ba tare da kuɗin lasisi ba. Opus yana aiki daga kilobit 6 har zuwa 510, yana iya sauya yawan abin da yake ci a tsakiyar hira gwargwadon halin da layi ke ciki, wato kodek guda ya maye gurbin jerin da a da ake wahalar daidaitawa. A ɗaya gefen, Google ta sayi kamfanin da ya yi iLBC a 2010, ta buɗe fasaharsa a 2011 a ƙarƙashin sunan WebRTC domin burauza ta iya kira ba tare da an girka wata manhaja ba, IETF kuma ta wajabta wa duk mai bin wannan tsari ya ɗauki Opus da G.711. Shi kuwa G.729, masu haƙƙinsa sun sanar da cewa daga farkon Janairun 2017 an daina biyan lasisinsa saboda yawancin haƙƙoƙin sun ƙare, a daidai lokacin da buƙatarsa ta riga ta ragu.

Ta fuskar fasaha, ɓangaren buɗaɗɗiyar ƙa'ida ne ya yi rinjaye: saƙon murya na WhatsApp da Opus ake naɗe shi, kiran da ke bi ta layin 4G na kamfanonin salula kuma SIP ce ke haɗa shi, ko da yake da kodek na dangin AMR. Amma burin da aka faro da shi, na kowa ya kira kowa da manhajar da ya ga dama kamar yadda imel ke tafiya tsakanin kamfanoni, bai cika ba. WebRTC da gangan ta bar wa kowane kamfani ya tsara yadda masu amfani da shi za su nemo juna, Google Talk da ta fara a 2005 da buɗaɗɗiyar ƙa'idar XMPP ta janye daga hulɗa da na waje a 2013, WhatsApp kuma da ta ƙara kiran murya a 2015 ba ta kiran Telegram ko Signal, duk da cewa kayan cikinsu sun yi kama ƙwarai. Tambayar wane kodek da wace ƙa'ida ta ɓace daga bakin jama'a ne saboda an ɗauke musu zaɓin, ba don an daidaita ba. Tarewar kira a hannun 'yan manhajoji ƙalilan ta kuma sauƙaƙa wa gwamnatoci toshe shi, kamar yadda matafiya da mazauna ƙasashen Larabawa suka sani: Saudiyya ba ta sassauta takunkuminta a kan manhajojin kira ba sai a watan Satumba na 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta daɗe tana toshe kiran WhatsApp.

Tsohon binciken bai mutu gaba ɗaya ba, ya koma hannun ma'aikatan fasaha ne a bankuna da asibitoci da cibiyoyin amsa kiran abokan ciniki, inda har yanzu ake duba ko manhaja tana jin SIP, ko tana ɓoye murya da SRTP, ko tana da G.722 mai faɗin sauti, ko kuma layin kamfanin tarhon da za a haɗa da shi PCMA yake karɓa ko PCMU. Ga sauran jama'a, yunƙurin buɗe ƙofofin ya koma hannun masu doka. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2022, ta wajabta wa manyan manhajojin saƙo da aka ayyana a matsayin masu tsaron ƙofa su ba wasu manhajoji damar hulɗa da su, a fara da rubutaccen saƙo tsakanin mutum biyu, sannan kiran murya da na bidiyo cikin shekara huɗu daga ranar ayyanawa. An ayyana WhatsApp da Messenger a watan Satumba na 2023, abin da ya sa wa'adin kiran murya ya faɗa a 2027, kuma ga masu amfani da ke cikin Tarayyar kaɗai.